Ɓarawon Aro

Akuyar tawa ce. Gara in fara da wannan, kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka ni Shatu hannuna a wanke yake. Ni na kwance ta daga turke, ni na miƙa wa mijina Badaru igiyar, har ina ja masa kunne kada ya bari ta ci leda a hanya.

A shekarar ne gwamnatin jiha ta saki tallafin tsaro, aka ce unguwannin Daura kowacce ta kafa 'yan sintirinta. Tamu ta samu babura shida, da kaki ruwan ƙasa, da takalma masu nauyi, da kulake, ga alawus duk wata. Aka kama shagon wani tela da ya tashi, aka shafa masa fenti, aka sa wa ƙuryar ƙofar ƙarfe, shi ke nan ya zama ofis. Jafaru, wanda da ɗan kamasho ne a tasha, ya zama kwamanda. Badaru ya kulle rumfar facinsa ya zama mataimaki. Ranar da ya turo babur cikin gida, sabo dal ko ledarsa ba a ɓare ba, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu. Duk ƙarshen wata su aika rahoto Katsina tare da hoton aikin da suka yi. Unguwar da ba ta nuna aiki ba, a karɓe baburanta a kai inda ake buƙata.

To mu me za a kama a unguwarmu? Ɓarayin gaske ba sa zuwa hannu rabbana, da makami suke yawo, su Jafaru kuwa ba wanda ya shirya barin 'ya'yansa marayu. 'Yan shaye-shayen bayan makaranta kuma kowanne da ubansa, irin uban da in ka taɓa ɗansa sai ka yi nadamar haihuwarka. Watan farko sai suka jeru kan babura suka ɗauki kansu suka aika. Aka bugo waya aka ce ba hoton biki aka tambaye su ba.

Ana saura kwana uku wata na biyu ya ƙare, da hantsi, Jafaru ya yi sallama a zaurenmu. Na kawo musu fura zan ajiye a bakin ƙofa, sai na ji sunan Sada. Na tsaya.

Sada ƙanin Badaru ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara biyar, ya tafi da jinsa da bakinsa, ya bar masa hankalinsa garau. Lokacin ya ba talatin baya. Sana'arsa tufkar igiya. Ya warware tsofaffin buhuna, ya zauna gindin darbejiyar ƙofar gida yana murzawa a cinya, ran Lahadi ya kai kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Da hannu yake magana, kuma wallahi ya fi masu baki da yawa surutu. Shi da Badaru suka ƙirƙiro maganar tun suna yara, Badaru ne ma ya koya mini ita makon da aka kawo ni gidan. Kowa da sunan da Sada ya raɗa masa. Ni, sai ya yi kamar yana tuƙa tuwo. Badaru kuwa sai ya taɓa girar hagu, inda yake da tabo, sannan ya dafa ƙirji, wato yayana. Tun da aka ba Badaru kaki sai ya ƙara da sarawa irin ta soja, don alfahari.

"Aro ne kawai," in ji Jafaru. "Minti goma. Ya zauna, a ɗauka, ya tashi. Katsina hoton zai tafi, wa ya san shi a can?"

"Ɗan'uwana ne fa, Kwamanda."

"Ai shi ya sa. Bare in ka ɗauko, gobe ya tona ka. Wannan wa zai gaya wa? Ko kana so ka koma shaƙar hayaƙin taya?"

Na ajiye furar na koma ciki. Da Badaru ya shigo ya ce in ara masa akuya, ban tambaye shi dalili ba, alhali na sani.

Da yamma Sada ya dawo yana washe baki, ga ƙunshin tsire ga lemon kwalba. Ya zauna a ƙasa ya gwada mini yadda aka yi: shi a tsakiya, akuya a gefe, kwali a ƙirji, masu kaki sun kewaye shi. Shi a ganinsa an karrama shi ne. Ya gutsuro mini tsoka biyu, na karɓa na ci. Kwalin kuwa Badaru ya wullo mini wai in fifita wuta. Rubutunsa ne a jiki, manya-manya: ƁARAWON AKUYA, da wani suna Lawal. Ni ba na yar da kwali. Na shimfiɗa shi ƙarƙashin buhun gero saboda gara.

Daga Katsina aka yaba, amma aka yi tsokaci ɗaya. Wane irin ɓarawo ne wannan da aka kama yana dariya?

Saboda haka wata na uku aka aske wa Sada kai ƙwal, aka sa masa tsohuwar jallabiyar Badaru wadda ni na wanke na goge, aka ɗora masa injin ban ruwa a gaba. Sada mutum ne mai son hoto. Da an ɗaga waya sai ya yi murmushi. Aka nuna masa ya ɓata rai, ya ɓata, ana ɗaga waya ya sake fashewa. Sau uku. A na huɗu Jafaru ya ɗauke shi da mari, ya ƙara, ya ƙara, har murmushin ya mutu. Sada ya shigo gida leɓe a fashe, jini ya bushe a gemu. Bai zauna ya gwada mini komai ba, ya wuce ɗakinsa. Tsiren na tsince shi a bakin kwata.

Na tari Badaru yana cire takalmi. "Baban Siddiƙa, wannan fa ba shi aka ce ba. An ce hoto."

"Mari ne fa kawai. Ni mari nawa na sha a hannun Baba, na mutu?"

"Me ya yi?"

"Me yake yi wa gidan nan? Igiya? Tuwon da yake ci daga ina yake fitowa? Kowa da irin gudummawarsa, Shatu. Ni ina yawo cikin rana, shi zama kawai zai yi sau ɗaya a wata."

Ya miƙo mini kwali na biyu. Wani sunan ne daban a jiki. Na tura shi ƙarƙashin buhu kusa da ɗan'uwansa.

Wata na huɗu aka koma kulki, don Jafaru ya ce kumburin mari ba ya fitowa sosai a waya. Na ga bayan Sada da idona lokacin da nake gasa masa da ruwan zafi: layi-layi, wasu sun fashe, rigar ta manne da naman sai da na jiƙa ta kafin ta cire. Idonsa ɗaya ya rufe ruf. Bai yi kuka ba, irin gurnanin nan nasa kawai yake yi daga maƙogwaro. Da na gama sai ya ɗago hannu ya tambaye ni. Ya taɓa gira, ya dafa ƙirji, ya juya tafin hannu sama: yayana, don me? Bai haɗa da sarawar ba.

Na ce masa ban sani ba. Ƙarya na yi.

Daga nan mutumin ya canja. Wanda da yake ɓoye mini murfin tukunya don tsokana, ni ma in ɓoye masa hula, ya koma ba ya haɗa ido da kowa. Ko kwalin taliya ya gani an shigo da shi sai jikinsa ya kama ɓari. In ya hango kaki a bakin layi sai ya kwashe zarensa ya shige garken awaki.

Na je wurin Inna, mahaifiyarsu, a ɗakinta na ƙurya. Tana zaune tana tsinke zogale.

"Inna, za su kashe shi."

"A'uzubillahi! Ki daina mugun fata." Ba ta ɗago ba. "Kin ɗauka ban gani ba? Ni na haife shi."

"To ki yi wa Baban Siddiƙa magana. Ke kaɗai yake jin nauyi."

Ta daɗe tana tsinke ganyen da babu shi a jikin reshen. "Shatu, ki rufa mana asiri. Tun da aka ba Badaru aikin nan maganin hawan jinina bai yanke ba. Kin manta lokacin faci? Sada kuwa Allah ya riga ya yi shi yadda ya yi shi. Ba aure zai nema ba balle a ce sunansa ya ɓaci. Za su daina. In abin ya zauna za su daina."

Hawaye na zubo mata tana faɗa, shi ya sa na kasa jin haushinta yadda ya kamata. Har yau ban yafe wa kaina wannan tausayin ba.

Na yafa mayafi na tafi gidan mai unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Abin da ya fara tambaya shi ne ko da izinin mijina na fito. Sannan ya ce, "Yanzu tsari ya canja, 'yata. Duk wata ƙara ta unguwa ofishin sintiri ake fara kai ta, su ne za su tace su turo mana. Ki je can."

In kai ƙarar Jafaru wurin Jafaru! Na yi masa godiya na tashi.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Badaru yana tsaye tsakar gida da bel ɗin kaki a hannu, ta wajen ƙarfen ya bari tana lilo. Shekara goma sha biyu da aurenmu bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ran nan ya rama duka. Ya same ni a kafaɗa, a baya, a kunne. Na faɗi kan turmi, ya bi ni yana haki yana cewa ni ce zan tona masa asiri, ni ce zan mayar da shi abin dariya. Sada ne ya fito daga garke a guje ya rungume shi ta baya. Badaru ya juya ya naushe shi a baki. Da ya gaji sai ya nuna ni da bel ɗin.

"Ki sake fita da maganar nan, a bakin aurenki."

Ina da 'ya'ya uku, ubana ya rasu, ɗakin uwata ruwa ya cinye rabinsa. Na yi shiru. Wannan dalili ne, amma ba zan kira shi uzuri ba.

Wata na biyar aka ce wani babba zai zo daga Katsina duba aiki, kuma hoto ba zai wadatar ba, yana son ya ga mai laifi a ƙurya. Masu kaki suka zo su huɗu da hantsi. Sada ya gan su ya ruga garke ya ƙanƙame turken akuyata da hannu biyu. Suka ja, ya ƙi saki. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kulki ya dinga sauke masa a kan yatsu, ƙwas, ƙwas, har suka buɗe. Badaru yana zaure yana goge madubin babur. Da suka rasa abin ɗauri sai suka zaro igiya daga cikin waɗanda Sada ya tufka ya rataye don kasuwar Lahadi. Igiyarsa ba ta tsinkewa, duk fataken shanu sun san haka. Suka murɗe hannuwansa baya, suka ɗaure har gwiwoyin hannun suka haɗu.

Ku da kuke da baki, ku tsaya ku gane abin da wannan yake nufi. In an ɗaure hannunka kana iya ihu, kana iya roƙo, kana iya cewa ƙishirwa nake ji. Shi da aka ɗaure nasa, an ɗaure masa komai.

Baƙon bai zo ranar ba, aka ce sai gobe. Jafaru ya ce kada a kwance shi, shatin igiyar ma shaida ce.

Washegari da azahar na dama kunu na kai ofis. Ina isa motar baƙon na tsayawa. Wani dattijo ne mai tabarau da farar shadda, ba shi da kamar mugu. Na raɓe jikin taga ina gani aka jawo Sada aka durƙusar da shi. Hannuwansa sun kumbura sun yi baƙi, wandonsa a jiƙe. An rataya masa kwali a wuya.

"Kai, yaya sunanka?" in ji baƙon.

Sada yana kallon bakinsa.

"Taurin kai ne, ranka ya daɗe," in ji Jafaru. "Tun jiya ya ƙi magana. Irinsu haka suke." Ya sa takalmi ya tokare shi a haƙarƙari, Sada ya kife.

"A'a, a'a, ban da duka," in ji baƙon. "Ku miƙa shi ga hukuma a kai shi gaban alƙali, aikinku ya ƙare." Ya rubuta wani abu a takarda, ya ce aiki ya yi kyau.

Sada ya ɗago kai daga ƙasa, idonsa ya faɗa cikin nawa. Taku uku ne tsakanina da dattijon nan. Bakina lafiya lau. Kalma biyu ta isa: kurma ne. Na ga Badaru yana kallona ta bayan kafaɗar baƙon. Na sunkuyar da kai na ajiye kwanon kunu, na juya.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba suka yanke igiyar suka turo shi gida. Na ce asibiti, Badaru ya ce a'a, can tambaya za su yi. Aka kira maɗori ya ɗaure abin da ya ɗauru. Ni kuma safe da yamma ina murza masa man kaɗanya. Kumburin ya saɓe, amma yatsu uku na hannun dama suka lanƙwashe suka mutu, na hagu ma rawa suke. Maganarsa ta koma kamar ta mai in'ina. Sai ya fara alama, ta karye a tsakiya, ya sake farawa, ya gaji ya saki hannun.

Unguwarmu ta zo ta ɗaya a ƙoƙari. Aka ƙara musu babura biyu. Daɗi ya kwashi Jafaru, ya manta da zancen wa ya san shi a can, ya zuba hotunan duka a waya yana nuna wa duniya aikinsa. Wani mai ido ya lura cewa fuskar ɗaya ce, sunayen ne suka bambanta. Ya haɗa hotunan wuri guda ya rubuta a ƙasa: gawurtaccen ɓarawo mai sauya suna, a kula da shi. A unguwa kowa ya san Sada, sai dai a yi tsaki a wuce. Amma waya ba ta tsaya a unguwa ba.

Mako shida Sada ya yi yana koyon tufka da babban yatsan ƙafa da hannun hagu. Ya samu igiya bakwai, karkatattu, ba kamar nasa na da ba. Ran Lahadi da safe ya same ni ina wanke-wanke. Ya ɗauki mafi kyau a ciki ya ɗaura wa akuyata, ya cire tsohuwar. Sannan ya yi mini bayani a hankali, yana maimaitawa: zai tafi Mai'aduwa wurin Alhaji Munzali, dillalin da yake sayen igiyarsa, ya roƙe shi aikin ba shanu ruwa. Ba zai dawo ba. Ya tuƙa tuwo a iska, ya ɗaga mini babban yatsa. Na ƙulle masa ƙuli-ƙuli a leda. Wallahi murna na yi masa.

Bayan la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Munzali ne a gaba, babbar rigarsa duk jini. Ya ce yana masallaci abin ya faru. Ragon wani ne ya ɓata a kara, wajen da ake cinikin dabbobi, ana cikin nema wani ya ga mutum yana yawo da igiyoyi a kafaɗa, ya duba wayarsa, ya sake duba mutumin. Aka yi ihun ɓarawo. Kowa ya san mai gaskiya yakan waiwaya, mara gaskiya yakan ruga. Sada bai yi ko ɗaya ba, tafiyarsa kawai yake, sai suka ce tsaurin ido ne. Alhaji ya ce da ya iso ya kutsa ya faɗa kansa, amma an riga an gama. Da aka buɗe tabarmar da aka naɗo shi a ciki, da yatsun nan uku na gane shi. Inna ta yanke jiki ta faɗi. Ragon kuwa an same shi kafin magariba, ya bi wani garken ne.

Ran sadakar uku, mata sun cika tsakar gida, maƙwabciyata Murja ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce wani ya ɗauki abin a waya, yana ta yawo, ba ta so in gani a hannun wani. Na karɓa.

Ba zan faɗi duka abin da na gani ba. Akwai sanduna, akwai bulo, akwai wani yaro matashi da ya zo da gudu daga nesa don kada a gama ba shi. Abin da zan faɗa shi ne hannunsa. Yana ƙasa a durƙushe, jini ya rufe masa fuska, bai kare kansa ba. Hannun yake ɗagawa. Ana jin wani a cikin taron yana cewa, "Ku karya hannun, surkulle yake yi!" Duk kasuwar nan ba wanda ya san abin da yake faɗa. Ni na sani. Ya taɓa girar hagu. Ya dafa ƙirji. Ya kai matattun yatsun nan goshi ya sara. Ya sake, ya sake, har sandar da ta sauke hannun.

Ban san lokacin da na isa zaure ba, ko mayafi babu. Masu gaisuwa sun watse, saura Badaru da Jafaru. Na tarar Jafaru yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kwana ne ya ƙare, ba mai tsallake ranarsa. Amma tunda abin ya riga ya faru, sai mu sa a rahoton watan nan cewa wanda muka daɗe muna fama da shi dubunsa ta cika. Ka ga an rufe maganar ke nan."

Na tura wayar gaban Badaru. "Duba."

"Ke, wane irin rashin kunya ne wannan? Koma ciki."

"Duba, Baban Siddiƙa. Saƙo ya bar maka."

Ya duba. Ya kalla har inda hannun ya faɗi, sannan ya kawar da kai wajen babur.

"Ban gane abin da yake yi ba."

"Ba ka gane ba? Kai ka koya mini! A ɗakin can, ina amarya, ka kama hannuna ka ɗora a girarka ka ce haka yake kiranka. Cewa yake a kira yayansa. Yayansa mai kaki ne, zai zo ya gaya musu shi ba ɓarawo ba ne. Ya fi wata biyu rabon da ya sara maka, sai ran nan. Har ya mutu yana jiran ka."

Jafaru ya miƙe yana kaɗe riga. "Mataimaki, ka iya da gidanka."

Badaru ya mare ni har na bugu da bango. Ya yagi takarda daga littafin rahoto, ya rubuta saki, ya jefo mini. Rubutun bai canja ba, shi ne dai manya-manya.

Bayan mako guda na koma kwashe kayana. Inna tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ba ta amsa sallamata ba. Na ɗaga buhun gero. Kwalayen suna nan su huɗu, har da na ranar baƙo wanda na ciro daga wuyansa da hannuna. Gara ta ɗan ci gefen na farko, amma sunayen ba abin da ya same su. Na naɗe su a zani na goya. Na kwance akuyata.

Ashirin da bakwai ga wata ce. Ina fitowa na ga babur ɗin Jafaru a ƙofar gidan Malam Hafizu, tsohon da ruɗewa ta kama har ba ya gane 'ya'yansa. Tsohon yana zaune kan tabarma yana wasa da carbi. Jafaru ya tsuguna gabansa yana buɗe masa ƙunshin tsire, babban ɗan gidan kuma yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa.

Hanyar gidan uwata hagu ce. Na yi dama, na kama titin da ya nufi kotu, akuya na bin baya da igiyar Sada a wuya. Na san abin da alƙali zai fara yi. Zai dubi hoton farko, ya dubi akuyar, ya tambaya ta wace ce.

Zan ce tawa ce, Allah ya gafarta Malam. Daga kaina za a fara rubutawa.